Idan Tsibi Ya Tumbatsa: Yadda Kwamfuta Ke Gane Ta Kai Iyaka

Duk wanda ya taɓa bi ta wurin masu faifai a Kasuwar Kurmi ya ga yadda ake jera su ɗaya bisa ɗaya. Wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara ɗauka. A kan wannan tsari ne kwamfuta take tafiyar da wani sashe na ƙwaƙwalwarta da masana ke kira sitak, wato tsibi. Alan Turing na Ingila ya yi bayanin wannan dabara tun a 1946.

Ana gina manhajar kwamfuta ne da ƙananan ayyuka, kowane yana iya kiran wani. Duk lokacin da aka kira aiki, sai a ɗora masa faifai a kan tsibin, ɗauke da lambobin da zai yi amfani da su da adireshin inda za a koma. Da ya kammala sai a sauke faifansa. Wani aikin ma kansa yake kira. Misali, idan ana neman jimlar 1 zuwa 5, sai ya tara 5 da jimlar 1 zuwa 4, ya sake kiran kansa, har ya sauko kan 1 ya tsaya. To, idan marubucin manhajar ya manta bai sanya wurin tsayawa ba, faifai zai yi ta hawa kan faifai. Alhali filin tsibi ƙayyadadde ne: yawanci megabait 8 a Linux, megabait 1 a Windows. Daga nan sai ya tumbatsa, ya tattake bayanan da ke maƙwabtaka da shi.

Hanyoyin gano wannan haɗari guda biyu ne, kuma sun yi kama da tsaron ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu: akwai sarkin ƙofa mai lura da masu shiga, akwai kuma gwalalon da aka haƙa a bayan ganuwa.

Hanya ta farko ita ce bincike a bakin ƙofa. Harshen Python yana ƙirga zurfin kira, idan ya kai 1000, wanda shi ne ƙa'idarsa ta asali, sai ya dakatar da aikin da saƙon RecursionError. Harshen Go kuwa yana auna filin da ya rage kafin aiki ya fara, in ya ga ba zai isa ba sai ya kwashe tsibin zuwa fili mai ninkin girma. Illar wannan hanya ita ce binciken yana cin ɗan lokaci a kowane kira.

Hanya ta biyu ita ce gwalalo. Ana barin wani yanki a ƙarshen tsibin, galibi bait 4096, a haramta taɓa shi. Da zarar tsibin ya faɗa ciki, na'urar da kanta za ta katse aikin ta yi ƙararrawa. Haka Java take yi kafin ta ba da saƙon StackOverflowError. Amma akwai lura biyu. Na ɗaya, dole a tanadar wa mai amsa ƙararrawar filinsa daban, domin tsibin ya riga ya cika. Na biyu, babban faifai yana iya tsallake gwalalon bai taɓa shi ba. A 2017 kamfanin Qualys ya nuna cewa masu kutse za su iya cin gajiyar wannan giɓi, sai Linux ta faɗaɗa yankin zuwa megabait 1.

Babban haɗarin yana ga ƙananan kwamfutocin da ke cikin motoci da na'urorin asibiti, waɗanda sau da yawa ba su da gwalalon. A 2013, a wata shari'a a jihar Oklahoma ta Amurka kan haɗarin motar Toyota Camry da ya yi sanadin rasuwar wata mata, injiniya Michael Barr ya shaida cewa manhajar injin tana iya cinye kashi 94 cikin ɗari na tsibinta, ba kashi 41 da kamfanin ya ƙiyasta ba. Kamfanin ya musanta cewa manhajar ce sanadi, amma masu taimaka wa alƙali suka ɗora masa alhaki. Gudun irin wannan ne ya sa Gerard Holzmann na hukumar NASA, a cikin dokoki goma da ya wallafa a 2006, ya hana aiki ya kira kansa a manhajar da rayuka suka dogara da ita.

Malami zai iya gwada darasin a aji da faifai goma da zare da aka ɗaura a wani tsayi. Ɗalibi ɗaya ya riƙa ƙirga kowane faifai kafin a ɗora shi, wani kuma ya yi shiru sai tsibin ya taɓa zaren. Daga nan ɗalibai su amsa: wanne ne ya fi wahala, wanne ne kuma za a iya yaudara?