Daga Television zuwa Mambila: abin da mai mota ya kamata ya sani

Duk mai shirin tashi daga unguwar Television ta Kaduna da motarsa ya hau tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ya kwana a tanti, to ya fara duba wata kafin ya duba taya. Turawa suna hawa tsaunukansu tsakanin Yuni da Agusta, domin a lokacin ne ƙanƙara ke narkewa hanya ta buɗe. A nan kuwa waɗannan watanni tsakiyar damina ne. A Mambila ruwa kan sauka tun Afrilu, bai cika ɗaukewa ba sai Oktoba ta wuce, jar ƙasar nan ta koma taɓo mai santsi, rafin da aka tsallaka da ƙafa da safe ya hana mota wucewa da la'asar. Lokacin tafiya shi ne daga Disamba zuwa Maris.

Tafiyar ta kwana biyu ce, kada wani ya ce maka zai kai ka a yini. Mafi yawa kan bi ta Jos, Bauchi, Gombe da Numan su kwana a Jalingo, washegari su kama hanyar Bali zuwa Serti. Kowace hanya ka zaɓa, ka leƙa tashar Television tun ana gobe ka tambayi direbobin da suka shigo ranar, su ne suka san inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. Ban yarda da tafiyar dare a hanyar Kachia ba, haka ma tsakanin Jalingo da Serti. A Afrilun 2019 'yan bindiga sun kashe mutum biyu a gidan shaƙatawa na Kajuru, nan kusa da mu. Kyan wuri ba ya hana mugu zuwa.

A Serti hedikwatar gandun daji na Gashaka Gumti take, wanda aka kafa a 1991, kuma babu gandun da ya kai shi girma a Najeriya. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419, dab da iyakar Kamaru. Mai son shiga gandun ya karɓi izini da ɗan rakiya a nan. A nan kuma za ka cika tanki da jarka, ka riƙe tsabar kuɗi, don a saman dutse sabis na zuwa ne yana ɗaukewa.

Hawan gaske yana farawa bayan Mayo Selbe. Kwana ce a kan kwana, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen, wani lokaci ga hazo. Za ka ji motar ta yi sanyin jiki, ba lalacewa ta yi ba, iska ce ke raguwa in an yi sama, inji kuwa da iska yake ƙona mai. Ka sa giya ta biyu, ka bar ta ta hau a hankali, idonka na kan allurar zafi. In ta tafasa ka tsaya, ka jira ta huce kafin ka taɓa murfin lagireto. Ka yi oda kafin kowace kwana, don babbar mota mai gangarowa ba ta iya tsayawa nan take.

Amma gangarowa ta fi ba ni tsoro. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗen titin Kaduna yakan ɗora ƙafa a birki tun daga sama. Birkin ya yi ta ɗaukar zafi, ka fara jin ƙauri, can sai ka taka ka ji ƙafa ta nutse babu abin da ya kama. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko, inji ya riƙe motar, birki ka riƙa taɓa shi kana saki. Saboda haka kafin ka bar Television ka sa makanike ya duba birkin da kyau ya canza mansa, ya duba kuloci. Ka ɗauki safaya biyu, da jak mai ƙarfi da guntun katako da za ka ɗora shi a kai, da igiyar ja da shebur.

Kwalta za ta kai ka Maisamari, Nguroje, gonar shayi ta Kakara, har Gembu. Da ka sauka daga kanta sai mota mai jan ƙafa huɗu, shi ya sa har yau tsofaffin Land Rover ke jigilar kaya zuwa ƙauyuka. In ka iso rafi, wani ya sauka ya shiga da sanda ya auna. In ruwan ya wuce gwiwa ko yana gudu da ƙarfi, ku haƙura. Inda mutanen gari suka ce sai babur, ka ajiye motar ka hau babur.

Wurin kwana kuma, ciyawar nan shar da kake gani kamar ba ta kowa ba, kowane tudu da mai shi. Makiyaya sun kewaye nasu da waya, manoman Mambila suna da gonakinsu a kwari, kuma rikicin fili ya ci rayuka a nan a 2017. Ka je wurin Jauro ko Arɗo ka yi sallama, ka faɗi daga inda kake da kwana nawa za ka yi, shi zai nuna maka inda za ka kafa tanti. Fulatanci ya fi tafiya a can, ko gaisuwa kaɗai ka koya za ta yi maka rana.

Tsaunin ya kai kimanin mita 1,600, sanyin darensa ya fi na hunturun Kaduna. Ka riƙe bargo biyu, rigar sanyi da safa. Kada sanyi ya sa ka shigar da kaskon gawayi cikin tanti ka rufe, iskarsa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Wutar girki ka share ciyawa kewaye da ita, ka kashe ta da ruwa, domin gobarar rani abincin shanun wani take cinyewa. Ruwan rafi, komai garau ɗinsa, shanu sun sha a sama, a tafasa shi.

Wanda bai taɓa kwanan dutse ba ya fara gwadawa a Kagoro, kusa da Kafanchan, tare da ɗan gari, kuma bayan ya tambayi halin da hanya take ciki a makon.