"Waifai" a Yashe, "Wifi" a Maraɗi

Motar da ta taso daga Maraɗi za ta Kano, in ta biyo Jibiya, Katsina da Kankiya, sai ta ratsa Yashe, kuma ba a rasa fasinjan da zai sauko neman caji ko a tura masa takarda ta imel. Mai wannan rubutu sana'arsa ke nan a bakin titin. Abin da ya lura da shi, Bahaushen Nijar da na Najeriya ba sa bukatar tafinta har sai an zo kan na'ura, don ɗaya boko ya yi da Turanci, ɗaya lakwal da Faransanci.

Abin da ɗan Yashe ke kira "waifai", ɗan Maraɗi "wifi" yake cewa. Filas ɗinmu a bakinsa "kile u-es-be" ne, sabis kuwa "rezo". In ya nuna saƙon data ka ga Go maimakon GB, ba kuskure ba ne, gigar ce dai. Waɗannan ba sa cutar da kowa, iyakarsu dariya.

Inda gizo ke saƙa shi ne haruffa. A Turanci harafin G "ji" ne, J kuma "je". A Faransanci sun yi musaya: G ne "je", J ne "ji". Shi ya sa Gmail ke fitowa "jemel". Haka in mutumin Nijar ya ce "i", harafin I yake nufi, ɗan Najeriya kuwa E zai danna. Alamar @ "arobas" ce a wurinsa. Ga kuma rubutun sunaye: Usman ya zama Ousmane, Jibo ya zama Djibo, Shu'aibu ya zama Chaibou. Harafi ɗaya ya kauce a adireshi, takardar ta tafi wurin wani ko ta dawo, mai ita kuwa ya kusa Bichi.

Kwamfutocin da ke shigowa daga can ma da nasu halin. Jerin maɓallansu AZERTY ne, ba QWERTY ba: A da Q sun sauya wuri, haka Z da W. Wanda ya saba buga kalmar sirri ba dubawa zai rantse an yi masa kutse.

Faransa ta daɗe tana ƙirƙirar nata kalmomin: sunan kwamfuta, ordinateur, tun 1955 yake. Nijar kuma a 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, amma bakin da ya saba da "je" ba doka ce za ta juya shi ba.

Don haka masu shago a Yashe, Kankiya da Kusada su daina karɓar adireshi da baki. A miƙa wa mutum biro da takarda ya rubuta, a juya masa allon ya duba da idonsa kafin a tura.