Maraƙi da dakashi

Dakashi shi ne nonon farko da saniya take bayarwa bayan ta haihu. Yana da kauri, kuma launinsa rawaya ne. Ana haihuwar maraƙi ba tare da garkuwar jiki ba. A cikin dakashi ne yake samun abin da zai kare shi daga cuta. Ya kamata ya sha shi da wuri, cikin awa 6 na farko. Bayan awa 24, hanjinsa ba ya iya ɗaukar wannan garkuwa.

Tun ranar haihuwa, ƙananan halittu suna shiga cikin hanjin maraƙi. Sunansu bakteriya. Ido ba ya ganinsu. Suna fitowa daga jikin uwa, da ƙasa, da kashin shanu. Da yawansu suna da amfani, amma wasu suna kawo zawo. Zawo yana kashe maruƙa da yawa.

Maganin da yake kashe bakteriya shi ne antibiyotik. Wani masani mai suna Alekzanda Filemin ne ya gano penisilin a birnin Landan, a shekara ta 1928. Amma magani ba ya kashe dukan bakteriya. Masu rauni suna mutuwa, masu juriya suna saura. Waɗanda suka saura sai su hayayyafa, su cika hanji. Ran da maraƙi ya kamu da ciwo, a ba shi maganin, ya ƙi ci.

A manyan gidajen kiwon shanun madara na Turai da Amurka, sau da yawa ana sa wa saniya antibiyotik a hantsa saboda ciwo. Ba a sayar da madararta sai maganin ya fita. Wasu makiyaya sukan ba maruƙa wannan madara. Masana sun lura cewa kashin irin waɗannan maruƙa ya fi yawan bakteriya masu juriya. Sun kuma lura cewa ƙananan maruƙa sun fi manyan shanu ɗauke da su. Idan maraƙi ya girma, sai su ragu.

Abin bai tsaya ga dabba ba. Kashin maraƙi yana iya taɓa hannu, ko ƙwaryar tatsa, ko ruwan rijiya. Ta haka bakteriya suke isa ga mutum.

Abin da za a riƙe

Maraƙi ya sha dakashi da wuri. A share wurin kwanansa. Kada a yi wa saniya allura sai da shawarar likitan dabbobi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dabba. A tafasa madara kafin a sha.

Tambayoyi

1. Mene ne dakashi?
2. Don me maraƙi yake shan shi da wuri?
3. Yaya bakteriya masu juriya suke yawaita?
4. Ku tambayi wani makiyayi yadda yake kula da sabon maraƙi.