Kafin Ka Zuba Kuɗi a Tsohuwar Kyamarar Fim

A 1900 kamfanin Kodak ya sayar da kyamarar Brownie a kan dala 1, wadda darajarta a yau ta haura dala 30. Duk wanda zai gwada farashin da da na yanzu, sai ya fara da wannan lissafi na faɗuwar darajar kuɗi, in ba haka ba zai yaudari kansa.

Idan ka yi lissafin, za ka ga yawancin tsofaffin kyamarori sun yi arha. Canon AE-1 da Pentax K1000, dukkansu 'yan 1976, an ƙera miliyoyinsu, don haka har yau suna yawo a kasuwar gwanjo ƙasa da darajarsu ta asali. Leica daban take. Da kamfanin ya dawo da M6 a 2022, kyamarar da ta fara fitowa a 1984, dala 5,295 ya sa mata. Contax T2 kuwa yayi ne ya ɗaga ta, bayan an gan ta a hannun taurari irin su Kendall Jenner. Wannan ita ce nake hana mai koyo saya. Lantarki ne ke tafiyar da ita, kamfanin Kyocera ya daina ƙera Contax tun 2005, kuma ranar da ta mutu samun mai gyara aiki ne ja.

Ni dai K1000 nake nuna wa mutane. Ba ta buƙatar batir sai don awon haske, alhali AE-1 ba ta ɗaukar hoto ko ɗaya idan batirinta ya ƙare.

Kada ka biya kafin ka duba. Buɗe bayan kyamarar, ka taɓa soson da ke gefen murfin. Idan ya narke yana manne wa yatsa, haske zai shiga ya ɓata fim, sai an sauya shi. Ɗaga gilashin gaban kyamarar ka haska shi da tocila. Zare-zare kamar saƙar gizo funfuna ce, kuma damina na ƙara mata ƙarfi, don haka a rage kuɗi sosai ko ka bar ta. Danna maɓallin ɗaukar hoto a kowane mataki na sauri, ka saurara. Leƙa gidan batir ko akwai tsatsa.

Babban kashin kuɗin yana zuwa ne bayan ciniki. Kyamara sau ɗaya ake saya, amma kowane naɗin fim mai hoto 36 sai ka saya, ka biya wanki, ka biya a mayar maka da shi cikin kwamfuta. Shi ya sa Pentax 17, da ta fito a 2024 a kan kusan dala 500, take raba kowane gurbi biyu ta ba da hoto 72. Tun kafin ka taya kyamara, nemo inda za ka riƙa samun fim da wanda zai wanke maka, ka ji farashinsu.