Yadda Ake Farfaɗo da Wayar Girke ta Hanyar Intanet

A wasu tsofaffin gidajen ma'aikata a Sakkwato, har yau akwai soket ɗin tarho a bango, fenti ya rufe shi. Na zamanin NITEL ne, lokacin da lambobin garin ke farawa da 060. Salula ta shigo a 2001, layin ya bi ya mutu, amma wayar tagullar da ke cikin bango ba lallai ta lalace ba.

Don farfaɗo da ita, ɗan akwati za ka saya, ana kiransa ATA, irin Grandstream HT801. Shi ke juya muryar tarho zuwa abin da intanet ke ɗauka. In bai samu a gari ba, a yi sautu daga Kano ko Legas. Sai rawuta, sai rajista da kamfanin kira ta intanet, wanda zai ba ka suna, kalmar sirri da adireshin sabarsa.

Kafin ka taɓa komai a ɗaki, zaga bayan gida. Nemo inda wayar da ta sauko daga falwaya ta haɗu da ta cikin gida, ka kwance su, ka naɗe bakin ta wajen da salatif. Kar ka ce ai layin ya mutu. Akwatin da kansa yake ba wayoyin gida wuta, kusan bolt 48, ba ya son wata ta shigo masa. Ita kuwa ta wajen tana iya gogar wayar lantarki, ko ta kwaso tsawa da damina. Nan ne akwatin ke ƙonewa.

Yanzu haɗa shi da rawuta, ka sa tarho ɗaya kai tsaye a ramin da aka rubuta Phone. A Grandstream, danna tauraro sau 3 sannan 02, murya za ta karanto maka adireshinsa. Rubuta adireshin a kwamfuta, ka cika bayanan kamfani, ka gwada kira.

Ya shiga? Cire tarhon, ka ja waya daga ramin zuwa soket ɗin bango. Duk sauran soket ɗin gidan sun samu layi ke nan. In ka ji shiru ko ƙara, akwatin ba shi da laifi: tsatsa ce ko ɓera ya ci waya. Bi soket ɗaya-ɗaya, ka kankare bakin tagullar har ta yi ja.

Tarho 2 ko 3 sun isa, musamman masu tsohuwar ƙararrawa, don suna jan wuta.

A da, layin NITEL daga ofis yake samun wutarsa. Na intanet kuwa ana ɗauke wuta ya mutu. Ɗora rawuta da akwatin a kan sola ko inbata, a inda iska ke ratsawa, nesa da taga, saboda zafin Afrilu a Sakkwato yana haura digiri 40. Kiran gaggawa na 112 kuma ka bar wa salula, ba kowane kamfanin intanet ke sadar da shi ba.