"SKIRMEN": KALMAR DA TA MUTU TA BAR JIKOKI

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus na Ingilishi a yau yana neman sunan wasan takobi, wato wasan nan da mutum biyu ke sanya fararen tufafi da hular waya suna kai wa juna sara da suka, zai tarar da kalmar "fencing". Da a ce shekara ɗari bakwai da suka wuce ya yi wannan tambaya a birnin Landan, da wata kalma dabam zai ji. Mutanen wancan zamani "skirmen" suke cewa idan suna nufin yin wasan, shi kuwa wasan kansa su kira shi "skirming". Wannan kalma ta daɗe da fita daga bakin mutane, amma bin sawunta na koya mana yadda masana asalin kalmomi ke gudanar da bincikensu.

Daga ina ta fito?

A shekarar 1066 Normawa, waɗanda ke zaune a arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har tsawon kusan shekara 300, dubban kalmominsa kuma suka kwarara cikin Ingilishi. Cikinsu akwai "eskermir" ko "escremir", wato yin faɗa da takobi bisa ƙa'ida. Ingilishi ya yar da wasalin farko, ya liƙa tasa ɗafa-ƙeya, sai aka sami "skirmen". Wannan yar da wasalin farko ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, domin haka muka yi wa "al-akhira" ta Larabci muka mayar da ita "lahira".

To amma su ma Faransawan aro suka yi. Tushen kalmar na harsunan Jamusawa ne. A tsohon Jamusanci "skirm" na nufin garkuwa ko kariya, aikatau ɗinta kuma na nufin a kare ko a tsare. Har yau kalmar na nan da ranta a Jamus a siffar "Schirm": laima ita ce "Regenschirm", wato garkuwar ruwan sama, laimar saukowa daga jirgin sama kuwa "Fallschirm". Daga wannan tushe ɗaya Italiyanci ya sami "scherma", harshen Sifen ya sami "esgrima", Faransancin yau ya sami "escrime", dukansu kuwa sunan wasan takobi ne.

A nan ne abin lura yake. Mai kallo daga nesa zai zaci da sara ko suka za a raɗa wa wannan fasaha suna, tun da takobi shi ya fi ɗaukar ido. Waɗanda suka raɗa sunan ba su ga haka ba. A wurinsu kowane ƙato na iya ɗaga takobi ya kai sara. Abin da sai an koya wurin malami shi ne yadda za a tare saran abokin gaba a fita da rai. Don haka da garkuwa suka kira fasahar.

Shaidar rubuce-rubuce

Masanin asalin kalmomi ba ya dogara da kamannin sauti kaɗai. Dole ya nemo kalmar a rubuce, ya san shekarun rubutun, ya duba yadda aka yi amfani da ita. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da aka ga wannan kalma shi ne littafin Ancrene Wisse, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 13 don shiryar da wasu mata masu zaman kaɗaici domin ibada. A ciki an kwatanta mai yawan fushi da ɗan wasan da ke jujjuya wuƙaƙe a gaban Shaiɗan, kuma da wannan aikatau aka bayyana abin da yake yi. Wannan na nuna cewa ma'anar ta riga ta faɗaɗa daga kariya zuwa wasa da makami don burge 'yan kallo. A ƙarshen ƙarnin kuma labarin Havelok ya lissafa "skirming" cikin wasannin da aka yi ranar naɗin sarauta, tare da kokawa da jifa da dutse.

Shaidar da ta fi armashi daga kundin hukuma ta fito. A shekarar 1285, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, aka kafa wa birnin Landan dokoki cikin Faransancin Normawa. Ɗaya daga cikinsu ta hana kowa buɗe makarantar koyar da wasan takobi da 'yar ƙaramar garkuwar nan da ake riƙewa a dunƙulen hannu, da dare ko da rana, wanda ya karya kuwa ɗaurin kwana 40 ne. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne, a irin waɗannan makarantu marasa jin magana ke ƙara samun ƙwarin gwiwar aikata ɓarna. Dokar ba ta kashe sana'ar ba. A shekarar 1311 an gurfanar da wani malami mai suna Roger le Skirmisour bisa zargin yana da irin wannan makaranta, yana kuma janyo 'ya'yan mutanen kirki suna ɓarnatar da dukiyar iyayensu. Dubi laƙabinsa: sunan sana'arsa ne ya zame masa suna, kamar yadda mu ma muke da Maƙera da Majema.

Wanda ke son ganin kamannin wasan da ake koyarwa a lokacin, akwai littafin da ake kira I.33, wanda aka rubuta da Latin a ƙasar Jamus wajen shekarar 1300. Shi ne mafi tsufan littafin koyar da takobi da ya rage a Turai, yana kuma ajiye a gidan tarihin makamai na birnin Leeds a Ingila. Zane-zanensa na nuna wani malamin coci yana koya wa almajirinsa, takobi a hannun dama, 'yar garkuwa a hagu tana rufe hannun da ke kai sara.

Yadda ta kau

A ƙarni na 16 sana'ar ta sami mutunci. A shekarar 1540 Sarki Henry na Takwas ya ba malaman takobi na Landan takardar izini, su kuma suna kiran fasaharsu ilimin "defence", wato kare kai. Tun kafin nan bakin mutane ya riga ya gutsure gaɓar farko ta wannan kalma ya bar "fence", daga ita kuma aka sami "fencing". Kalmar nan ta "fence" da ɗalibai suka sani da ma'anar shinge ko danga ita ce dai, domin shinge ma kariya ne. Ashe ke nan Ingilishi ya yar da wata kalma mai ma'anar kariya, ya ɗauko wata mai ma'anar kariya, ɗaya daga tushen Jamusanci, ɗayar daga Latin. Lokacin da Shakespeare ya kira gwanayen takobin Faransa "scrimers" a wasansa na Hamlet, wajen shekarar 1600, daga Faransanci ya sake ɗauko kalmar, kuma ba ta kama ƙasa ba.

Jikokin da ta bari

Daga danginta akwai "skirmish", wato ɗan artabu tsakanin ƙananan rundunoni, wadda ta shigo Ingilishi a ƙarni na 14, tana ɗauke da tasirin "escarmouche" ta Faransanci. Daga baya harafin "r" ya sauya wuri da wasalin da ke kusa da shi, aka sami "scrimmage". Irin wannan musayar gurbi sananniya ce a kimiyyar harshe. A Hausa ma wasu na cewa bagaruwa, wasu gabaruwa. Ita kuma "scrimmage" ta haifi "scrummage", wadda aka taƙaita ta koma "scrum", sunan cukuikuyewar da 'yan wasan ragbi ke yi suna ture juna a kan ƙwallo.

A sunayen iyali ma ta bar gurbi. Gidan Scrymgeour na ƙasar Sikotilan, waɗanda suka gaji riƙon tutar sarki, sunansu na nufin gwanin takobi. A shekarar 1298 William Wallace ya ba kakansu Alexander takardar riƙon garin Dundee saboda ɗaukar tutar da ya yi a fagen fama. A fagen wasanni kuwa, wasan takobi na cikin gasar Olamfik tun daga ta farko ta zamani da aka yi a Atina a 1896, ƙungiyar duniya mai kula da shi, wadda aka kafa a birnin Faris a 1913, da sunan Faransanci ake kiranta, kuma kalmar ƙarshe a sunan ita ce "escrime".