Wasiƙar Babban Mutum Za Ta Shigar da Ɗana NDA?

Tambaya: Malam, ɗana na son shiga NDA, an ce mana sai mun samo wasiƙar wani Janar ko Sanata. Haka ne? Daga wata uwa a Kawo, Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya cika masa burinsa. NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da aka kafa a Kaduna a 1964, tana da ƙa'idarta. Yaron da shekarunsa suka dace zai ci darussa biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci da Lissafi, ya rubuta JAMB, ya haye jarrabawar makarantar, sannan ya tsaya gaban kwamitin tantancewa a gwada lafiyarsa da ƙarfin jikinsa da kaifin basirarsa. Babu wasiƙar da za ta yi gudu a madadinsa.

Takardun da za ku tanada da wuri su ne shaidar ƙaramar hukuma, amincewar iyaye da shaidar hali daga makarantarsa. Ku tabbatar sunaye sun yi daidai. Wanda ya nemi kuɗi don ya samo muku wasiƙa, ku guje shi.

Wasiƙar da zai fi buƙata taki ce, Hajiya. Ki rubuta masa nasiha da addu'a da hannunki, ya riƙe ranar da horo ya yi tsanani a harabar makarantar da ke Afaka.